Wahalar sharhin kai tsaye a gasar wasannin bidiyo: a ina nake kuskure?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka riga ni shiga harkar sharhi, kuma ina neman a yi mini haƙuri idan bayanin ya yi ɗan tsawo, domin sai na faɗi abin da ya faru kafin a gane inda matsalar take.

Na kusa shekara huɗu ina buga Counter-Strike, wasan bidiyo na harbi tsakanin ƙungiyoyi biyu, tun kafin fitowar Counter-Strike 2 a 2023, kuma ina ganin na san wasan daidai gwargwado. A ƙarshen makon da ya wuce masu shirya wata ƙaramar gasa ta intanet suka nemi ni da wani abokina mu yi musu sharhin kai tsaye a wasan kusa da na ƙarshe da kuma na ƙarshe. Na amsa ba tare da wani dogon tunani ba, saboda a zatona wanda ya iya wasan, kuma bakinsa ba shi da nauyi, babu abin da zai gagare shi. Tun a taswirar farko, wato filin farko da aka kara a kansa, na gane ba haka abin yake ba.

Sau uku ina cikin bayanin yadda wata ƙungiya take shirin kai hari ta gefe ɗaya, aka kashe mutum biyu a ɗaya gefen ban gani ba, sai dai na tsinci sunayensu a kusurwar allo. Sau da yawa ni da abokina muka buɗe baki tare, sannan muka yi shiru tare, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Akwai zagayen da na ɗaga murya iyakar ƙarfina a kan harbin da bai taka kara ya karya ba, da lokacin ihun gaske ya zo kuwa muryar ta riga ta dushe. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne tsaikon da aka samu lokacin da intanet ɗin wani ɗan wasa ya yanke. An kusa minti 20 ana jira, mu kuwa kafin minti biyar abin faɗa ya ƙare mana. A akwatin hirar masu kallo, wasu suna cewa muna yi musu bayani kamar yara, wasu kuma suna cewa ba su gane komai daga abin da muke faɗa ba.

Ina sauraron masu sharhin ƙwallon ƙafa su yi minti 90 ba su yi tuntuɓe irin wannan ba. Shin saurin baki ne ba ni da shi, ko kuwa akwai abin da ya bambanta wannan aiki da nasu? Kuma da me ya kamata in fara gyara?

Tsohon Mai Sharhi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirufo zai ga kansa a cikin abin da ka rubuta. Zan fara da kwatancen da ka yi da ƙwallon ƙafa, domin a nan mafi yawan amsar take.

A filin ƙwallo ƙwallo guda ɗaya ce, kuma inda ta nufa nan idon kowa yake nufa, na ɗan wasa da na mai kamara da na mai sharhi da na ɗan kallo. Mai sharhin ƙwallo ba ya shan wahalar zaɓen abin da zai kalla, ƙwallon ta riga ta zaɓar masa. A Counter-Strike mutum goma ne, biyar da biyar, kowanne yana kallon taswirar ta nasa idon, allon da ke gabanka kuwa idon mutum ɗaya yake nuna maka a lokaci guda. Ke nan a kowace daƙiƙa mutum tara suna yin abin da ba ka gani. Abin da ya same ka na a kashe mutum biyu kana kallon wani wuri zai ci gaba da faruwa ko ka shekara goma a aikin. Gwani ma yana ɓatar da irin wannan, sai dai nasa ya fi ƙaranci, saboda rabin idonsa yana kan ƙaramar taswirar da ke kusurwar allo, yana lura da inda ɗigogin ƙungiyoyin biyu suke matsowa kusa da juna, har ya riga ya ce wa masu kallo ga inda za a yi karo tun kafin a yi shi. Saurin baki yana da amfaninsa, amma ni a wurina shi ne na ƙarshe a jerin abin da kake buƙata. Na san masu magana kamar ruwan sama waɗanda idan suka gama ba za ka iya tuna abu ɗaya da suka faɗa ba.

Batun haɗa baki da abokinka shi ne mafi sauƙin gyara, kuma laifin rashin raba aiki ne tun farko. A manyan gasanni mutum biyun da ke sharhi ba aiki ɗaya suke yi ba. Ɗaya shi ne mai bin wasa, wanda yake faɗin abin da ke faruwa a lokacin da yake faruwa, shi ke da murya idan an fara musayar wuta. Ɗayan shi ne mai fashin baƙi, wanda yake bayanin dalili: me ya sa suka taru a wannan gefe, me ya sa suka bar wancan. Tsarin zagayen Counter-Strike da kansa ya raba muku lokacin. Zagaye minti ɗaya da daƙiƙa 55 ne, idan kuma masu kai hari sun dasa bam, wanda masu tsaro za su nemi kwancewa, sai agogo ya koma daƙiƙa 40. Lokacin sayen makamai da farkon zagaye, sa'ad da kowa yake jefa hayaƙi yana neman labari, na mai fashin baƙi ne. Da zarar an yi harbin farko, ko yana tsakiyar jimla ne, sai ya saki maganar ga mai bin wasa, ba zai sake karɓa ba sai ƙura ta lafa. Wannan sakin magana a tsakiyar jimla shi ne abin da ya fi yi wa sababbi ciwo, musamman wanda ya san wasan sosai, domin yana ganin bayanin da ya ɗauko yana da daɗi, bai kamata ya tafi a banza ba. Zai tafi a banza, kuma dole ya haƙura.

Sannan akwai abin da na tabbata ba ku taɓa shi sosai ba, wato kuɗin cikin wasa. Kowa yana fara wasa da dala 800. Bindigar AK-47 dala 2,700 ce, AWP ta maharbi kuwa 4,750, kuma ƙungiyar da take shan kashi a jere kuɗin lallashin da ake ba kowane ɗan wasanta yana ƙaruwa har ya tsaya a 3,400. Wanda ya iya karanta waɗannan lambobi yana da labarin da zai bayar a farkon kowane zagaye ba tare da ya ƙirƙiri komai ba. Zai iya ce wa masu kallo wannan ƙungiya ta zuba duk abin da take da shi a wannan zagaye, idan ta faɗi to na gaba ma kusan ta faɗi. Da wannan jimla ɗaya ka ba ɗan kallo dalilin da zai sa ya damu da abin da zai biyo baya. Haka nan idan an dasa bam, abu na farko da za ka duba shi ne ko mai zuwa kwancewa yana da kayan kwance bam, domin da su daƙiƙa biyar yake buƙata, ba su kuwa goma, kuma sau da yawa wannan bambanci shi ke yanke hukunci.

Game da murya, ka ɗauke ta kamar kuɗin da aka ba ka a farkon wasa, waɗanda ba za a ƙara maka ba. Ka tuna wasan kusa da na ƙarshe a babbar gasar Columbus ta Amurka a 2016, tsakanin Luminosity ta Barazil da Team Liquid a taswirar Mirage. Liquid tana da 15, Luminosity tana da 9, a lokacin kuma 16 ake nema, wato saura zagaye ɗaya a rufe taswirar. A nan coldzera, ɗan wasan Luminosity, ya yi tsalle da AWP ya kashe mutum biyu da harsashi ɗaya, ya gama zagayen da mutum huɗu, ƙungiyarsa ta farfaɗo ta ci taswirar, daga baya ta ɗauki kofin. Mai sharhin da ya ƙarar da muryarsa tun a zagaye na uku, da me zai tari irin wannan? Idan komai abin ihu ne a bakinka, ɗan kallo ba shi da hanyar gane wanda ya cancanci ihun.

Mai Juya Kamara ya amsa:

Malam ya faɗi gaskiya, amma bari in ƙara daga ɓangaren da ba a cika jin muryarsa ba, domin ni aikina shi ne zaɓen abin da allo zai nuna. Ɗan'uwa, a gasar da ka yi, wa yake juya kamarar? Idan kai ne da kanka kake danna maɓallan sauya ɗan wasa kana kuma magana, to ka ɗora wa kanka aikin mutum biyu, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Idan kuwa an bar wa wasan ya riƙa sauyawa da kansa, shi ma ba ya hangen gaba, yakan kai ka wurin bayan an gama.

Mai sharhi a ɗaure yake da mai kamara. Ƙa'idar da muke bi ita ce ka yi magana a kan abin da masu kallo suke gani. Idan ka hango wani abu a ƙaramar taswira wanda ba ya kan allo, ka ambace shi a taƙaice, domin ni ina sauraronka ta na'urar kunne, kuma idan na ji ka ce wani yana zagayowa ta baya zan kai kamara can. Haka aikin yake tafiya idan an saba da juna: wani lokaci ni nake binka, wani lokaci kai kake bina. Abin da ba na so shi ne mai sharhin da zai buɗe nasa allon daban yana kallon wani ɗan wasa, yana ihu a kan abin da babu wanda yake gani sai shi. Wanda ya fi wannan muni shi ne idan hoton da yake kallo ya riga na masu kallo da daƙiƙa ɗaya ko biyu, sai ya sanar da mutuwar ɗan wasa alhali a allonsu mutumin yana nan da ransa. Kafin a fara kowane shiri ku gwada wannan, ku tabbatar muryarku da hoton da zai fita tare suke tafiya.

Kuma ka gode wa Allah da Counter-Strike ka fara. A gasar PUBG ƙungiya 16 ake zubawa a taswira ɗaya, kowacce mutum huɗu, mutum 64 ke nan, kuma faɗa uku ko huɗu na iya tashi a lokaci guda a wurare masu nisa da juna. A gasar cin kofin duniya ta Fortnite da aka yi a filin Arthur Ashe na birnin New York a 2019, mutum 100 ne suke shiga kowane wasa na ɗaiɗaiku. A irin waɗannan wasanni ba a ma maganar nuna komai. Akan sa masu kamara da yawa, da wani a kansu yana zaɓen wanda zai fita, mai sharhi kuma aikinsa ya koma riƙe zaren labari: wa ke kan gaba a maki, wa yake buƙatar ya daɗe a raye, wace ƙungiya ce da'irar da ke tsuke filin wasa ta bari a waje. Faɗan da bai shafi wannan zare ba, ko ya kai yaya kyau, ana iya barinsa sai a maimaici. Na sha jin masu kallo suna zagin mu saboda mun bar wani harbi mai ban mamaki, alhali mun bar shi ne da gangan don mu nuna inda kofin yake rinjaya.

Mai Fashin Baƙi ta amsa:

Ina da ɗan saɓani da Malam Tsohon Mai Sharhi, ba a kan abin da ya faɗa ba, a kan abin da ya ɗauka cewa mai tambaya ya riga ya mallaka, wato sanin wasa. Ni Dota 2 da League of Legends, wasannin da ƙungiyoyi biyu ke neman rushe sansanin juna, nake yi wa fashin baƙi, kuma abin da ya fi gajiyar da ni a wannan aiki shi ne ilimin da kake taƙama da shi yana tsufa a hannunka. Dokokin ƙwallon ƙafa sukan ɗan sauya nan da can, amma babu ranar da aka wayi gari an ƙara wa fili faɗi. A Dota 2 an yi haka. A watan Afrilun 2023 kamfanin Valve, mai wasan, ya fitar da sabuntawar 7.33 wadda ta ƙara girman taswirar da kashi 40 cikin ɗari, kwanaki kaɗan kafin babbar gasar Berlin. Masu sharhi suka shiga gasar suna koyon filin tare da 'yan wasan. League of Legends kuwa kusan duk mako biyu ake sabunta shi, jarumansa sun haura 160, na Dota 2 sun haura 120, kowanne da nasa dabarun da sunayensu. Kai ma a wasanka, ɗan'uwa, ka ga yadda Counter-Strike 2 ya mayar da wasa zuwa neman zagaye 13, ya kuma sa hayaƙi ya zama abin da gurneti ke iya buɗewa na ɗan lokaci. Duk wanda ya yi wata biyu bai bibiyi wasa ba, ya zo yana bayani da tsohon sani, masu kallo za su kama shi kafin ya rufe baki, domin da yawansu jiya da dare suka buga wasan.

Wannan shi ya kawo ni ga ƙorafin da ka gani a akwatin hira. Masu kallonka kashi biyu ne, kuma ba za ka taɓa gamsar da su da jimla ɗaya ba. Matsalar ta kai har Valve ta taɓa buɗe tashar sharhi ta musamman don sababbin masu kallo a The International, babbar gasar Dota 2, ta 2014. Tun da kai ba ka da tasha biyu, dabarar da nake bi ita ce in faɗi kalmar da gwanaye suka sani, in bi ta da sakamakonta cikin magana ta kowa, ba tare da na tsaya ba da ma'ana kamar a aji ba. Gwani ya ji kalmarsa bai ji an raina shi ba, sabo kuma ya gane abin da ke shirin faruwa ko da bai riƙe kalmar ba. Kuma ka rufe akwatin hirar nan yayin da kake aiki. Wani daga cikin masu shiri ya riƙa duba shi, ya sanar da kai idan an ce sauti ya lalace. Sauran abin da ke ciki zai iya jira.

Akwai kuma wani tarko da masu fashin baƙi muka fi faɗawa. Mai kamara ya ce muna ganin ƙasa da abin da ke faruwa, gaskiya ne, amma ta wata fuskar muna ganin fiye da abin da ɗan wasa yake gani. A Dota da League hazo yana rufe wa kowace ƙungiya inda ba ta da ido, mu kuwa an yaye mana shi. A Counter-Strike muna ganin surar mutane ta bayan bango. Saboda haka abu ne mai sauƙi ka ce wane ya yi wauta da ya shiga wannan lungu, alhali kai kaɗai ka san mutum uku suna laɓe a ciki. Adalci shi ne ka tambayi kanka me shi ya sani a wannan daƙiƙa, ka yi masa hukunci da wannan. Yawancin waɗannan 'yan wasa matasa ne, wasu ba su kai shekara ashirin ba, kuma kalmar da ka jefa cikin raha ita dubban mutane za su ɗauka su bi shi da ita har shafinsa. Wani lokaci ma abin da ya yi kama da wauta shi ne dabarar. A gasar League of Legends a Katowice ta ƙasar Folan a 2013, xPeke na ƙungiyar Fnatic ya bar kowa ya kutsa sansanin SK Gaming shi kaɗai da jarumi Kassadin, ransa saura ƙiris, ana binsa yana zillewa, har ya rushe cibiyarsu wasa ya ƙare. Wanda ya yi gaggawar yanke masa hukunci a farkon wannan tafiya da ya sha kunya a ƙarshenta.

Abu na ƙarshe, ka tambayi kowane ɗan wasa yadda ake furta laƙabinsa kafin a fara. Yawancinsu sukan cusa lambobi a tsakiyar haruffa, kuma babu abin da ke zubar da girman mai sharhi da wuri kamar ya yi awa biyu yana kiran mutum da sunan da ba nasa ba.

Ɗan Dambe ya amsa:

Ni daga ɓangaren wasannin faɗa na mutum biyu nake, inda matsalar kamara ba ta taso ba, tun da duka 'yan wasan suna kan allo ɗaya. Tamu matsalar sauri ce tsantsa. Waɗannan wasanni hoto 60 suke tafiya a kowace daƙiƙa, kuma bambancin hoto biyu ko uku shi ke raba wanda ya kare da wanda aka buge. Babu harshen da zai bi wannan, don haka wanda ya ce zai ambaci kowane naushi ya riga ya faɗi. Abin da muke faɗa shi ne tunanin da ke bayan naushin: wane ya lura abokin karawarsa yana yawan tsalle idan an matse shi a kusurwa, yanzu jiransa yake yi.

Ina so mai tambaya ya nemi bidiyon karawar Daigo Umehara da Justin Wong a gasar Evo ta 2004, a wasan Street Fighter III: 3rd Strike. Ran Daigo ya kusa ƙarewa ta yadda ko ya kare duka ta hanyar da aka saba zai mutu, sai ya kaɗe bugu 15 na Chun-Li, jarumar da Justin yake wasa da ita, ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rama ya ci. Ka saurari bidiyon da kyau, za ka ji abin da ya sa mutane suke komawa gare shi har yau shi ne yadda ihun 'yan kallo yake hawa da kowane bugu. Idan zaure ya ɗauki irin wannan ihu, mafi kyawun abin da mai sharhi zai yi shi ne ya ja baya ya bar shi ya fita.

Tsohon Mai Sharhi ya sake amsawa:

Na karɓi gyaran Malama, kuma maganarta a kan hazo ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci ga wanda yake son 'yan wasa su ci gaba da yi masa magana bayan gasa. Na dawo ne saboda na bar tambayar tsaiko ban amsa ba.

Tsaiko ba haɗari ba ne da ke zuwa jefi-jefi, wani yanki ne na aikin, har a manyan gasanni masu injiniyoyi da yawa. Na'ura takan tsaya, linzamin kwamfuta yakan mutu, wasa yakan yi kuskuren da sai alƙalai sun zauna a kansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni ban taɓa zama gaban makirufo ba sai da takarda mai ɗauke da abin faɗa na aƙalla rabin awa wanda ban yi niyyar amfani da shi ba: yadda kowace ƙungiya ta iso wannan mataki, taswirar da take so da wadda take gudu, karawarsu ta baya, wanda ya sauya matsayi a cikinsu, da tambayoyi uku ko huɗu da ni da abokin aikina muka san ra'ayinmu ya saɓa a kansu, domin gardama mai ma'ana tana cin lokaci fiye da kowane jawabi. A ƙaramar gasa irin taku babu wanda ya tattara waɗannan bayanai, sai kai ka nemi shugabannin ƙungiyoyin kwana ɗaya kafin wasa ka yi musu tambayoyi. Kuma idan tsaikon ya zo, ka faɗa wa masu kallo abin da aka tabbatar maka kawai. Kada ka yi hasashen laifin wane ne, kada kuma ka yi alkawarin minti biyu alhali ba a hannunka gyaran yake ba.

Na kuma lura ka ce gasar ta intanet ce, ina zaton kai da abokinka ba a ɗaki ɗaya kuke ba. Idan haka ne, rabin haɗa bakin da kuka yi jinkirin layi ne ya jawo shi. Har ƙwararru sun sha wannan a 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da kowa sharhi daga gida. A ɗaki ɗaya kana ganin abokinka ya ja numfashi, ko ya ɗaga yatsa, ka san zai karɓa. Daga nesa ba ka da wannan, ga kuma ɗan jinkirin da ke sa shirunsa ya iso maka a makare. Ku buɗe kamara tsakaninku ku biyu don ku riƙa ganin juna, ku kuma saba da miƙa magana a fili, ta hanyar rufe jimla da tambaya ko da saukar da murya. Maganar Ɗan Dambe ta barin zaure ya yi ihu ma ba ta aiki a nan, tun da babu zauren. The International ta 2021 a Bukarest, wadda kyautarta ta haura dala miliyan 40, ba 'yan kallo aka yi ta, kuma duk nauyin ɗaga wasan ya koma kan muryar masu sharhi. A irin wannan hali shirunka ya kamata ya fi gajarta, amma kada ka cike shi da ihun da wasan bai biya kuɗinsa ba.

Ɗan Koyo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amsar tambayar Mai Juya Kamara ita ce ni ne nake sauya kamarar da hannuna ina kuma magana, kuma gaskiya ne ba a ɗaki ɗaya muke da abokina ba. Jiya da dare na daure na saurari rikodin ɗin namu daga farko zuwa ƙarshe, abin da nake ta gudu tun ranar. Na ƙirga sau 11 da na ce wani ɗan wasa ya yi kuskure, da na koma na kalli kowanne ta idonsa kuwa, a bakwai daga ciki babu yadda za a yi ya san abin da na sani. Kuɗin ƙungiyoyi kuma sau biyu kacal muka ambata a taswira uku.

Mun yi magana da abokina, shi zai riƙe fashin baƙi tun da ya fi ni haƙurin karatun lambobi, ni zan bi wasa, kuma mun sami wani na uku da ya yarda ya karɓi kamara. Mun ɗauko tsofaffin wasanni mun kashe sautinsu muna gwadawa a kai, taswira ɗaya kowane dare. Sauran abin da ban warware ba shi ne na murya. Wasan ƙarshe na gasa mai zuwa taswira biyar ne idan ya kai ƙarshe, zai iya haura awa huɗu, kuma a ranar za a yi na kusa da na ƙarshe. Malam Tsohon Mai Sharhi, idan kana da yadda kake shirya maƙogwaro kafin irin wannan rana, da abin da kake yi a hutun da ke tsakanin taswira da taswira, ina sauraro.